Kunnen Lachie Petrie

A garin Balcraigie idan aka ce "mai ƙaho", ba sai an faɗi suna ba, Lachie Petrie ake nufi. Shekara hamsin da biyu ya yi yana busa babban ƙahon tagulla a ƙungiyar badujalar garin, irin ƙahon nan da ake rungumewa a ƙirji, mai murya kamar ta magidancin da ya ci ya ƙoshi. Ya busa a gidan biki, ya busa a bakin kabari, ya busa a ƙofar ramin kwal ranar da aka rufe shi aka sallame su duka. Kujerar farko a layin masu manyan ƙahoni tasa ce. Amma duk tsawon shekarun nan, takardar kiɗan da ake ɗora masa a gaba, ko ɗigo ɗaya bai taɓa iya karantawa a cikinta ba.

Ba karatu ne bai iya ba. Jarida kam yakan cinye ta har tallan shafin baya, kuma bayan rufe ramin ya yi shekara ashirin yana tuƙa bas bai taɓa ɓata hanya ba. Rubutun kiɗa ne kawai, layukan nan biyar da baƙaƙen ɗige-ɗigensu, a idonsa ba su da maraba da kashin ƙuda a jikin bango.

Abin daga gida ya samo asali. Ubansa mai goge ne, wanda bai taɓa kallon takarda ba har ya mutu. Tsofaffin waƙoƙin ƙasar, na rawa da na makoki da na masunta, a kunne ya ɗura wa ɗansa su. Lachie ya ji sau biyu, shi ke nan ya riƙe. Da ya shiga badujala yana ɗan shekara goma sha biyar, madugun ƙungiyar na wancan lokaci ya zaunar da shi kusa da wani tsoho ya ce, "Bi shi." Ya bi shi. Wata guda bai cika ba madugun ya nuna shi da sanda a gaban kowa ya ce, "Ku ga yaron da ke karanta takarda kamar fasto da littafinsa!" Ranar ce ya kamata ya buɗe baki. Yabon ya yi masa daɗi, ya yi shiru. Da mako ya zagayo maganar ta ƙara nauyi, da shekara ta zagayo ta fi ƙarfin ɗauka.

Mutum ɗaya ya gano shi, matarsa Elspeth, wadda ke kaɗa fiyano a coci. Watansu uku da aure, yana zaune a ɗakin girki yana busa da takarda a jingine da tulun sukari, ta tsaya tana kallonsa.

"Maigida, idonka ba ya tafiya."

"Ina zai je?"

"Mai karatu idonsa bin layi yake. Naka a kafe yake wuri ɗaya kamar na kifi a faranti."

Ta ce za ta koya masa, abu ne na wata biyu. Ya ji kamar ta tuɓe masa riga a kasuwa. Ya ɗauki hularsa ya fice, bai dawo ba sai da abinci ya huce. Da ya shigo sai ta zauna gaban fiyano ta kaɗa masa abin da ke takardar sau biyu, ta rufe, ta je ta ɗumama miya. Ba ta sake tayar da zancen koyarwa ba, shi ma bai taɓa ce mata na gode ba, don godiyar sai ta fito da maganar fili.

Haka suka yi shekara arba'in da ɗaya. Duk ranar da aka raba sabuwar takarda, Lachie yana da uzuri: leɓensa ya tsage, ko madannin ƙahon ya cije. Mako mai zuwa sai ya dawo ya zuba kiɗan kamar shi ya rubuta. Ya koyi juya shafi ta hanyar kallon kafaɗar maƙwabcinsa na kujera ta biyu, Wattie Gourlay. Kuma abin da ya fi cin sa a rai idan ya kaɗaita shi ne irin tsawar da yake wa Wattie ɗin. Wattie mai karatu ne na gaske, sai dai a hankali, yana ƙirga da ƙafa, yana yawan makara.

"Kai dai ka duba takarda!" in ji Lachie. "Me aka rubuta? Ko sai an kira maka lauya?"

"Yi haƙuri, Sarkin Busa," in ji Wattie. "Ba kowa aka haifa da fitila a ka ba."

Elspeth ta rasu a watan Janairu. Har ƙarshen sanyi tsofaffin kaɗe-kaɗe ƙungiyar take maimaitawa, don haka asiri bai tonu ba. Sai a watan Mayu, Malama Dewar, matashiyar malamar kiɗa da ke riƙe da sandar madugu yanzu, ta zo atisayen ranar Lahadi da rana a tsohon zauren mahaƙa da damin sababbin takardu. Tsofaffin waƙoƙin ƙasar ne guda biyar, wani mutum ya jera su ya yi musu sabon zubi don masu busa. Su za a yi ranar bikin gari, saura mako uku.

Lachie ya karanta sunayen waƙoƙin a saman shafi, sai ya saki numfashi. Na ubansa ne, dukansu.

"Yau leɓen lafiya?" Wattie ya tambaya.

"Waɗannan? Da su aka yaye ni."

Waƙa ta farko da ta biyu ya lallaɓa, yana busa ƙasa-ƙasa yana bin sahun jama'a. Ta uku ta makoki ce, mai tafiya a hankali.

"Baba Lachie, wannan taka ce kai kaɗai," in ji Malama Dewar.

Ya busa ta yadda ubansa ke jan ta a goge, har mai ganga ya sunkuyar da kai. To a al'ada, kowane rabin waƙa irin wannan sau biyu ake yin sa. Lachie ya kai ƙarshen rabin farko, ya ja numfashi, ya koma farko. A daidai nan masu sarewa goma sha biyu suka faɗo da wata waƙar daban, mai sauri. Muryoyin suka yi karo. Malama ta buga sanda.

"Baba, ka maimaita."

"Ai maimaitawa ake yi, Malama."

"A gida, e. Shi wannan ya yanke. Ba ka ga alamar ba?"

"Na gani. Sabo ne."

Aka sake, ya wuce lafiya. Amma mai zubin bai tsaya nan ba. Can gaba ya ba ƙananan ƙahoni waƙar, ya ƙirƙiro wa kujerar farko wani layi nasa na kansa, wanda babu shi a bakin kowane tsoho a ƙasar nan. Lachie ya laluba da kunne, ya faɗa rami. Ya sake laluba, ya sake faɗawa.

"Mu ji ka kai kaɗai," in ji Malama. "Daga gaɓa ta saba'in da huɗu."

Mutum arba'in, kowa da abin busarsa a cinya. Lachie ya ɗora yatsa a takardar, ya gyara tabarau, ya zubar da ruwan ƙahon a ƙasa ko da yake babu ruwan.

"Ɗaya shafin," Wattie ya raɗa masa. Sannan ya ɗaga murya don a yi dariya a wuce wurin. "Tsufa ne, Malama! Idon Sarki ya yi ritaya bai sanar da shi ba."

Aka yi dariyar. Malama Dewar ta yi murmushi ta ce, "Ayya, ba komai. Zan sa a buga maka shi da manyan baƙaƙe, ka same shi ranar Talata."

Ƙofa ce aka buɗe masa, ya gane. In ya ce to, sai a tashi lafiya. Amma sai ya hango Talatar: babbar takarda a kan teburin girki, fiyano a rufe, babu mai buɗe shi. Sannan Lahadi mai zuwa, da wata ƙaryar da zai nemo.

"Kar ki wahala, 'yata," ya ce. "Ko kin mai da shi girman ƙofar can, ba zan karanta ba. Ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba."

Wani ya fara dariya daga baya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Kamar yaya?" in ji Malama. "To duk kiɗan nan da kake..."

"Elspeth ce. Ita take kaɗa mini a gida, in riƙe."

Wattie ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. Fuskarsa babu wasa ko kaɗan.

"Shekara talatin da takwas," ya ce. "Shekara talatin da takwas kana ce mini in duba takarda. A gaban yarana ka taɓa ce mini jaki mai tabarau. Na koma gida na kwana uku ina bitar shafi ɗaya. Ashe kai ko ina shafin yake ba ka sani ba!"

Lachie bai ɗago ba. Igiyar takalminsa yake kallo.

Da aka tashi, Malama Dewar ta tsayar da shi a bakin ƙofa. Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa ya gwammace ta yi faɗan. Ta ce waƙar makokin tasa ce, babu mai ja. Amma kujerar farko ita ke jan sauran idan sun ɓata, kuma ba za ta ɗora mutum biyar a bayan wanda ba ya ganin hanya ba. Idan yana son ya yi bikin bana, sai wani ya busa masa sauran layukan ya ji, ita kuwa tana da jarrabawar ɗalibai a wuyanta. Idan kuma ya ga ya gaji, ƙahon na ƙungiya ne, sai ya kawo.

Kwana biyu bai leƙa waje ba. Da burodi ya ƙare ya fita, mai kanti ta gaishe shi da wata irin tausasawa da ba ta saba ba, har da tambayar ko yana cin abinci, ya san magana ta gama gari. Ya koma gida ya goge ƙahon tas, ya sa shi a akwatinsa, ya fito da niyyar mayarwa zaure. A mararraba ya tsaya ya daɗe, har bas biyu suka wuce. Sai ya karya kwana zuwa layin su Wattie.

Matar Wattie ce ta buɗe. Ta dubi akwatin, ta dube shi, ta juya ciki. "Ga mutumin naka nan!"

Wattie yana zaune da kofin shayi, bai miƙe ba.

"Me ya kawo Sarki gidan talaka?"

"Na zo ka busa mini, in ji."

"Ni jakin?"

"Kai."

"Kujerar fa?"

"Taka ce."

Wattie ya kurɓi shayi a hankali, ya ajiye. Ya ɗauko ƙahonsa, ya baje takardar a kan tebur, ya fara, ƙafarsa tana ƙirga. Layin ya fito guntu-guntu, a tsaya nan, a koma baya can, har sai da Lachie ya kasa gane kansa da wutsiyarsa. Wattie ya sauke ƙahon yana haki.

"To, ka kama?"

Lachie ya murza hularsa a hannu. Matar gidan tana tsaye a ƙofar ɗakin girki da tsumma, tana jiran ta ji.

"Ban kama ba," ya ce. "Don Allah sake mini."