Sakan Ukun Verna

A garinmu Brancott, idan mai awo ya tauye maka alkama, ko aka yanka maka biredi shara-shara, sai ka ce, "An yi mini sakan ukun Verna." Yara ma suna faɗa, ba su san wace ce Verna ba. Ni na sani, don a kaina aka yi abin, kuma shekara arba'in na yi ina ba da labarin ga duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni.

Verna ba 'yar garinmu ba ce, daga nan ma zancen ya soma. 'Yar Ostrey ce, mil goma sha takwas gabas da mu. Tun 1928 da aka kafa ƙungiyarmu ta manya ta wasan hokin ƙanƙara, da wuya mu haɗu da mutanen nan a kan ƙanƙara a rabu ba wanda ya tofar da haƙori. Arni Halldorson ne ya auro ta a 1961, aka yi ta yi masa tsiya cewa 'yan matan garinsu ne suka ƙi shi. Ta kama aiki a gidan waya. Mace ce marar yawan magana, ba ta dariya sai da dalili, kuma mu a nan ba mu yarda da mai shiru ba.

Da tsohon mai riƙe agogon wasa ya kwanta ciwo, babu wanda ya yarda ya gaje shi. Wa zai zauna a ɗan akurkin nan na katako, sanyi yana cin ƙashinsa, ba ihu ba tafi? Verna ta karɓa. Aikin ba wuya a ido: alƙali ya busa usur ka tsayar da agogo, ya saki faifai, wato ƙwallon hoki, ka tayar da shi. Takan zo da bulo mai zafi naɗe a tawul ta ɗora ƙafa a kai, ta cire safar hannun dama don yatsanta ya ji maɓalli sosai. Wasan samari, wasan manya, har na yara masu faɗuwa da kansu, ita ce. Shekara goma sha uku ba a ji ƙorafi ba, ko da yake mahaifina yakan ce, "Ku dai bar ta, ranar ba ta zo ba."

Ranar ta zo a watan Maris na 1979, wata Lahadi da rana. Wasan ƙarshe na kofin yanki, mu da Ostrey, a filinmu. Mai tsaron ragarsu kuwa Metro ne, ƙanen Verna uwa ɗaya uba ɗaya. Suna da uku muna da biyu, minti na ƙarshe. Aka busa usur, muka ɗaga kai, agogo ya nuna saura sakan takwas. Daga baya mutum ya fi hamsin da suka rantse sha ɗaya suka gani lokacin da usur ya tashi. Aka saki faifai, ya zo kan sandata, na maka shi, ya wuce ta ƙarƙashin hannun Metro ya shiga raga, ƙararrawar tashi tana kuka. Gari ya ɗauki ihu. Alƙali bai tabbata ba, ya je bakin akurki ya tambayi Verna wanne ya riga, faifai ko ƙararrawa.

"Ƙararrawa," in ji ta.

Kalma ɗaya, kofi ya bi hanyar Ostrey. Ba mu ƙara kai wasan ƙarshe ba har ƙungiyar ta mutu a 2004, da samari suka watse birni. To ku gaya mini, yayar mai tsaron raga ce riƙe da agogo, sakan uku sun yi layar zana, me mutum zai zata? Ruwa ba ya tsami banza.

An so a ƙwace mata agogon, aka rasa mai zama a akurkin. Sai aka riƙa ajiye mutum biyu a bayanta da agogon hannu, suna leƙen yatsanta. Ba ta taɓa waiwayowa ba, shekara goma sha takwas. Matan da ke sayar da abinci a filin suka daina sa ta a jerin masu kawo perogi, ƙullin fulawar nan namu mai dankali a ciki. Arni ya daina zuwa shan gahawa da safe, saboda duk ya shigo sai wani ya duba agogonsa ya yi tari. Haka ya mutu a 1995. Ni dai ban ji tausayinta ba. Na ce mai gaskiya ai da ta yi magana, wannan shirun nata akwai abin da yake rufewa.

Bara aka yanke shawarar rushe tsohon filin, kwamitin gari ya ce a yi littafin tarihin ƙungiyar. Ni aka ba shafin 1979, wa ya fi ni? Na rubuta ɓaro-ɓaro: "An ƙwace mana kofi da yatsan mai riƙe agogo." Gladys Toews, shugabar kwamiti, ta karanta ta cire tabarau.

"Lorne, matar nan tana da rai fa. Tana gidan tsofaffi, jikokinta za su karanta. Ranar Litinin littafi zai tafi maɗaba'a, in ya shiga ya shiga ke nan. Ka tabbata?"

"Ke kina wurin ne ko ni?"

"Ina wurin. Ina sayar da gahawa, ban ga komai ba. Je ka Ostrey ka aro mana hoton wasan, mu ba wanda ya ajiye."

Na tafi ba da son raina ba. Na shiga gidan abincinsu ina jiran mai hoton, sai na ji wani tsoho a teburin baya yana yi wa mai kawo abinci tsiya: "'Yar nan, miyar tawa ta zama mintin Verna ne? Tun ɗazu ba ta ƙare dahuwa ba."

Na juya. Na ce, "Me ka ce?"

Ya ƙare mini kallo, ya washe baki ba haƙoran gaba. "Au, Friesen ne. Mai cin ƙwallo bayan an tashi wasa. Zauna mana, ko har yanzu kana murna?"

Walter Kosh ne, tsohon ɗan bayansu, ni ma na taimaka wajen zubar da haƙoran nan. Na tambaye shi mene ne mintin Verna. Ya ce abin da ba ya ƙarewa, kowa a Ostrey ya sani.

"Minti na ƙarshen nan ai ta ja shi kamar danƙo. Kocinmu yana da agogon aljihu, sakan huɗu ta ƙara muku. Ta sayar da ƙanenta saboda garin miji, da alƙali ya tsare ta ne tsoro ya kama ta. Metro bai ƙara taka gidanta ba. Ranar jana'izarsa a kujerar baya ta zauna, ba wanda ya ce mata matso."

Na ce ƙarya yake. Ya ce in tambayi kowa. Na tambayi mai kawo abinci, ta ce kakarta ma haka take faɗa. Duk hanyar komawa ina saƙe-saƙe. Ko 'yan Ostrey sun ji labarin littafin ne suka shirya mini wannan? Ko matar ta cuci garuruwan biyu ne, ta rage a nan ta ƙara a can? Har wannan sai da na zata. Amma abin da ya fi damuna, na san ba maganar Walter ba ce.

Washegari da safe na je gidan tsofaffi. Na same ta a bakin taga tana saƙa, ta kai tamanin, ta ƙanƙance, idanun dai suna nan.

"Misis Halldorson, kin gane ni?"

"Ɗan Friesen. Da wanne ka zo, ukun da na rage ko huɗun da na ƙara?"

Ashe ta san duka biyun. Na zauna, na fito da takardar, na ce littafi za a buga, na zo in ji daga bakinta. Ta karɓa ta karanta a hankali, ta miƙo mini.

"An busa, na danna. An saki, na danna. Abin da na yi ke nan, shekara talatin da ɗaya."

"Mutum hamsin sun ga sha ɗaya."

"Mutum hamsin suna kallon faɗan da ake yi a kusurwa. Washegari suka ga sha ɗaya, a wurin shan gahawa." Ta ajiye saƙar. "Bar zancen hamsin. Kai me ka ji?"

Na ce ban gane ba.

"Ka gane. Faifai yana shiga, kowa ya kalli raga. Kai kaɗai ka juyo ka kalle ni, tun kafin ka ɗaga sanda ka yi murna. Wanda ya san ya ci a kan lokaci me zai nema a wurin mai agogo?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na rasa inda zan sa idona. Gaskiya ne, na ji ƙararrawar faifai yana kan sandata, ban ko sake shi ba. Na ji ta sarai. Amma mahaifina ya riga ya tsallako kan ƙanƙara da takalmin gona yana hawaye yana rungume ni, gari yana kiran sunana, ina da shekara ashirin da huɗu. Na yi shiru a ranar. Washegari aka fara zancen sakan uku, na gyaɗa kai. Bayan shekara biyu ni ne babban mai ba da labarin, har na kusa yarda da shi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In ce me? 'Yar Ostrey ta ce gwarzon gari ƙarya yake? Na ɗauka za ka faɗa da kanka. Na ba ka mako, na ba ka shekara. Arni yakan ce, yaron kirki ne, zai zo."

Na yage takardar a gabanta. Na ce yau ɗin nan zan sake rubuta shafin, in sa abin da na ji, da sunana a ƙasa, in aika wa Walter Kosh ma guda.

Ta ɗauki saƙarta, ta ƙirga maɗaukan zaren, sannan ta amsa.

"Rubuta, saboda jikoki. Amma Arni ba zai karanta ba, ɗan Friesen. Wannan ma bayan ƙararrawa ta shiga."