Yayana Ya Ce Ciwon Zuciya, Na Ce Ya Yi Haƙuri

Shekara goma ke nan da muka binne yayana, Dakta Yakubu, a Agyaragu. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye biro, don akwai maganar da nake jin kunyar faɗa.

Yaya ya ƙarar da ƙuruciyarsa a karatu. Ya yi shekara shida a jami'a, ya yi aikin koyo da bautar ƙasa, sannan ya koma asibitin koyarwa ya ƙara wasu shekarun yana bin manyan likitoci gado-gado, har ya ƙware a kan zuciya. Jarrabawar ƙarshe sai da ta kayar da shi sau ɗaya. Mahaifiyarmu takan ce tsaransa sun aurar da 'ya'ya, shi har yau ana duba masa takarda. Da aka ba mu jiha, abokan karatunsa na neman hanyar ƙetare, shi kuwa ya tattaro ya dawo Lafia.

Abin da ya tarar, ɗaki ne da tebur da abin sauraron ƙirji da ya zo da shi a wuya. Na'urar da ke nuna hoton zuciya, wadda ya yi shekaru yana koyon aiki da ita, kullum ana cewa tana hanya. Jama'a kuma suka fahimci aikinsa yadda suka ga dama. Wani dattijo daga Kwandere ya taɓa zuwa ya ce masa, “Dokta, an ce kai ne mai maganin zuciya. Yaro na ya sayar da gona na, tun ranar zuciya na bai kwanta ba.” Yaya ya saurare shi har ƙarshe, ya auna shi, ya gano hawan jini. Mun daɗe muna yi masa tsiya da wannan, muna kiransa alƙalin zuciya.

Waɗanda ke hana shi sukuni su ne masu zuwa a makare, ƙafa a kumbure, ba sa iya kwanciya sai a jingine. Da kunne kaɗai yakan gane abin da ya lalace, ya kuma san aikin da ya kamata a yi. Abin da ke hannunsa ƙwayar rage ruwan jiki ce da takardar tura mutum Jos. Da yawa sukan ninke takardar su koma gida.

Wata ranar Asabar da la'asar na same shi zaune a gindin mangwaron gidansa. Na lura ya daina sa takalmi sau-ciki, sai silifa, har na ce masa likita guda ya koma ɗan kasuwar doya. Ya yi murmushi, ya numfasa, ya ce, “Audu, ciwon zuciya ne ke damuna.”

Na ɗauka takaicin aiki yake nufi, don a bakinmu ciwon zuciya ai ɓacin rai ne. Na ce, “Yaya, ka yi haƙuri. Na'urar nan za ta zo.”

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, “To, Allah ya kawo ta.” Muka shiga hirar damina.

Wata huɗu bayan nan ya rasu. A wurin zaman makoki wani abokin aikinsa ya gaya mini cewa wata ƙofa ce a cikin zuciyarsa ta lalace, kuma Yaya da kansa ya gano, da abin da yake sauraron ƙirjin wasu da shi. Na tambaye shi ko da na fahimta da an cece shi. Ya girgiza kai, ya ce aikin sai ƙasar waje, kuma lokaci ya riga ya wuce. Ya faɗa ne don in samu sauƙi, amma ban samu ba. Mutumin da ya saurari garin nan duka, sau ɗaya ya nemi a saurare shi, ni kuma na ba shi haƙuri.

Yau Lafia ta cika ta kai Azuba, kowa da waya a aljihu. Ban san abin da Yaya zai ce ba da zai ga har yanzu mai kumburin ƙafa sai ya hau mota zuwa wani gari, kuma yaran da suka koyi irin aikinsa ba sa daɗewa a nan. Ina jin zai ja kujera ne kawai ya ce a shigo da na gaba.

Bai bar asibiti da sunansa ba, bai bar ɗalibin da ya gaje shi ba. Abin sauraron ƙirjin yana akwatina. Na taɓa ɗora shi a ƙirjina, na ji bugu, ban fahimci komai ba. Abin da ya rage mini tambaya ce guda. Makon jiya maƙwabciyata ta ce mini ciwon zuciya zai kashe ta. Haƙuri ya zo bakina, na haɗiye shi, na zauna na ce, “Mama, wanne daga ciki? Nuna mini ƙafarki.”