Hanyar Ruwan da Na Haƙa a Arba wa Nus

A shekarata ta biyu a Alƙahira aka naɗa ni masanin ruwan sama, ba tare da na nemi muƙamin ba.

Lokacin ina ɗalibi, ina zaune a Arba wa Nus, a ɗakin ƙasa na wani bene mai hawa shida. Layinmu gangare ne, kuma ba kwalta. Gidan burodi yana can sama, sai shagon aski, sai rumfar wata dattijuwa Bahausar Sudan mai sayar da shayi, wadda kowa ke kira Hajiya. Mu ne a ƙarshe, inda duk abin da ya gangaro yake tsayawa ya huta. Ba ka ganin kwalbati ko ɗaya. Ruwan da ke zuwa sau biyu ko uku a shekara, a tsakiyar sanyi, ba wanda ya damu da gina masa hanya.

Wata Talata da hantsi ina saka takalmi zan tafi darasi, sai na ji kamar ana watsa tsakuwa a kan rufin motoci. Ƙanƙara ce. Kafin ka ce me, layi ya yi fari fat kamar an farka buhunan gishiri. Mai aski ya bar wani da rabin gemu ya fito ɗaukar hoto, mai rabin gemun ya biyo shi da ƙyalle a wuya. Mai gadin benenmu, wani dattijo daga kudancin Masar da muke kira Ammu, ya kwashi ƙanƙarar a faranti ya kai wa matarsa ta gani.

Murnar ba ta daɗe ba. Ruwa ya sauko a kan ƙanƙarar, ta narke, suka haɗu suka nufo mu.

Unguwar tana da tsarinta na kwashe ruwa. Kowane shago yana da massaha, sanda mai roba a baki da ake goge daɓe da ita. Mai burodi ya tura nasa ƙofar mai aski. Mai aski ya haɗa da nasa ya miƙa wa Hajiya. Hajiya ta ƙara gaba. Kowa ya gama sai ya jingina da sandarsa ya ga aiki ya yi kyau. Hukuma tana da motocin tanki masu zuƙe ruwa da mesa, amma da manyan tituna da ƙarƙashin gadoji suke farawa. Mu ma muna cikin jerin, can ƙasa.

Kafin azahar ruwa ya hau matakalarmu ta biyu. Ammu ya tsaya cikinsa, ya tattare jallabiya, yana turawa da massaha, ruwan yana zagayowa ta bayansa. Jama'a suka taru suna ba shi shawara daga kan tudu.

Sai Hajiya ta hango ni a bakin ƙofa. Ta ɗaga murya da Larabci ta ce, "Ku tambayi wannan. A garinsu wata biyar ake ruwa ba tsayawa."

Na ce mata da Hausa, a hankali, "Hajiya, ni fa a gida in aka fara ruwa ɗaki nake shiga."

"Yi shiru, ɗana," in ji ta. "Na riga na faɗa."

Ammu ya juyo. "Yalla, ya shaihu, me ake yi?"

Duk ido ya dawo kaina. Na waiga hagu da dama, na ga wani fili a bayan benenmu da ake zubar da ɓaraguzan gini. Na tuna yadda mahaifina ke yanka hanya da fartanya daga tsakar gida zuwa waje. Na nuna da hannu na ce a haƙa daga nan zuwa can. Ba wanda ya yi musu. Aka samo diga da shebur biyu, na naɗe wando, na ja layi da tsinken katako. Mu shida muka haƙa.

Abin ya yi aiki, kuma ni na fi kowa mamaki. Ruwa ya bi hanyar kamar an kira sunansa. Matakala ta biyu ta fito, ta farko ta biyo ta. Mai burodi ya kawo mini guda uku da zafinsu. Ammu ya riƙe hannuna da hannu biyu yana cewa tamam, tamam.

Ina cikin cin burodi na biyu wani mutum ya ɓullo ta bayan bene, a jiƙe har gwiwa, dusar katako ta manne masa a ƙafa. Kafinta ne daga layin baya. Shagonsa a ƙarƙashin ƙasa yake, tagarsa daidai da filin nan.

Ya yi sallama. Ya ce, "Wane ne injiniyan?"

Mutum biyar ɗin da muka haƙa tare suka tuna sun bar shaguna ba kowa. Na haɗiye lomar na ce ni ne.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in zo in ga wani abu. Na bi shi. A shagon ruwa ya kai idon sawu, yana ci gaba da zubowa ta taga. Ya samu ya ɗora injinansa kan benci, amma katakon gado da na ƙofofi duk suna kwance a ciki.

"Tun da na buɗe shagon nan," in ji shi, "ruwa bai taɓa sanin wannan hanyar ba. Kai ka nuna masa."

Na ce, "Ma'alish, yi haƙuri, usɗa kafinta. Wallahi ban san da shago ba."

Ya miƙo mini bokiti.

Sai da muka toshe hanyar tukuna, ruwa ya koma ƙofarmu. Daga nan kafintan ya ɗauki wani ƙarfe, ya shiga tsakiyar tafkin yana caccakar ƙasa, har muka ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe. Murfin rijiyar magudana ne, yashi ya binne shi shekara da shekaru, taku huɗu daga inda Ammu ke ajiye kujerarsa. Suka ɗaga shi su biyu, shi da Ammu. Ruwan ya yi wani gurnani ya shige, ya bar mana laka da ledoji da takalmi ƙafa ɗaya.

Ammu ya ce masa, "Ka san da wannan ba ka faɗa ba?"

"Ba layina ba ne," in ji kafinta.

Muka koma shagon, ni da shi, muna kwasa muna hawa matakala har bayan la'asar. Hajiya ta kawo mana shayi da kanta. Ta leƙa ta ga ɓarnar, ta ce da ita ce da ba ta nan za ta bi da ruwan ba.

Motar tanki ta iso ranar Alhamis. Direban ya sauko, ya dubi busasshen layi, ya ɗauki hotonsa, ya sha shayi a rumfar Hajiya, ya tafi.

Katakon kuwa muka hau da shi rufin benenmu, hawa shida, falle-falle. Kwana tara ina juya shi kowace safiya kafin in tafi darasi. Kafintan yakan hau da yamma ya ɗaga kowane falle, ya rufe ido ɗaya ya duba miƙewarsa. Guda biyu ne suka lanƙwashe. Ya ce ba za su yi gado ba amma za su iya ɗaukar littattafai, ya kafa mini su kanta a bangon ɗakina. Har na bar gidan, littattafan da ke kansu a tsakiya suke taruwa.