Manhajar da Ba Ta da Isnadi

Ilimin hadisi na je karantawa a Khartum, kuma duk wanda ya san wannan fanni ya san abin da yake fara koya wa mutum tambaya ce: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa? Wannan jerin maruwaita shi ake kira isnadi. Ni kuwa tun kafin in shiga aji ina da nawa kason na zargi. Mahaifiyata takan ce ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa ƙasan kofin. Da na shafe shekara biyu ina bin tarihin maruwaita, wane maƙaryaci ne, wane mai mantuwa ne, wane ba a san ko shi waye ba, sai abin ya zame mini jiki. Har mai shayin da ke ƙarƙashin bishiya a bakin ƙofar jami'a, baiwar Allah, sai da na taɓa tuhumar ta da rage mini sukari.

Saura wata biyu in miƙa risalata ta digiri na biyu, kwamfutata ta kwanta. Bairos ne, a filash na kwaso shi daga shagon buga takardu, kamar yadda kowa yake kwasowa. Ranar ban iya cin abinci ba. Sharaɗin tallafin da nake karatu da shi a fili yake: wanda ya fita da mumtaz, wato daraja ta ƙoli, shi za a bari ya zarce digiri na uku. Wanda ya gaza haka sai ya haɗa kayansa ya koma gida. Matata da yarana biyu suna Katsina, kuma na riga na cika baki a waya cewa sai da dakta a gaban sunana za su gan ni.

Abokin ɗakina, wani Badamagare, shi ya kwatanta mini wani dattijo mai gyara a Omdurman. Na hau bas na tsallaka gada, na ƙarasa da rakisha, irin keke-napep ɗinmu, laftof ɗin rungume a ƙirjina. Shagon siriri ne, a bayan kasuwa, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da turare. Na tarar da mutum ɗan shekara sittin da wani abu, cikin farar jallabiya, gilashinsa ɗaure da zare ta ƙafa ɗaya. Da ya ji lafazin Larabcina sai ya juya zuwa Hausa, irin tasu ta can, mai tsofaffin kalmomi da Larabci a tsakiya. Ya ce kakansa daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa zai je hajji, ya tsaya nan ya huta, har yau hutun bai ƙare ba. Ya aika aka kawo mini shayi. Na sha, ina lissafin cewa duk a cikin kuɗin gyara zai fito.

Bayan kamar awa biyu ya ɗago kai.

"Ɗana, rubutunka duka na ceto shi, alhamdu lillahi. Amma babbar manhajar da ke tuƙa injin, khalas, ta mutu. Zan sa maka wata. Wannan bairos na filash ba ya kama ta."

"Nawa ce, Baba?"

"Majjanan. Kyauta ce."

Nan take na gyara zama. Na tambaye shi wa ya yi ta. Ya ce mutane ne masu yawa a ƙasashe da yawa, buɗaɗɗiya ce, kowa yana iya leƙa cikinta ya ga yadda aka ƙera ta, wanda ya iya kuma ya gyara. Na ce mene ne sunayensu? Ya yi dariya har gilashin ya zamo.

"Baba," na ce, "mu a fanninmu, wanda ba a san shi ba, ba a karɓar maganarsa."

"Tayyib. Wadda ta mutu fa, wa ya ba ka?"

A shekarun nan na takunkumin tattalin arziki babu mai sayen ta gaskiya a Sudan, ko yana so. Tawa a faifai na same ta a kasuwa, irin wadda aka fasa.

"Ita ɓarawo ya fasa ta, ya zuba abin da ya ga dama a ciki, ba ka nemi isnadinsa ba," in ji shi. "Sai wadda ta buɗe maka cikinta kake wa tambayoyi."

Maganar ta shige ni, amma ban nuna ba. Na yarda ne kawai don lokaci ya ƙure.

Da ya gama sai ya ce, cikin sakin fuska, ya ajiye mini kwafin risalar a nasa injin, amana, ko da wani abu zai sake faruwa. A ɗakunan kwananmu labari ya daɗe yana yawo cewa akwai shagunan da ke tara risalolin mutane, su canza suna da take, su sayar. Babu wanda ya taɓa nuna mini shago ɗaya, amma ni ban bukaci a nuna mini ba. Na ce ya goge. Ya ce me? Na ce ya goge, yanzu, ina gani.

Sannan ya juyo da allon wajena.

"Kalla da idonka, ya ustaz."

Ya goge, ya shiga kwandon shara na injin ya sake gogewa. Daga wannan lokaci bai ƙara ce mini ɗana ba.

Duk da haka bai bar ni na tafi haka ba. Ya buɗe wurin rubutu ya nuna mini wani ɗan maɓalli a sama. Ya ce idan na gama kada in kai fayil ɗin yadda yake shagon bugawa, domin su wata manhajar suke da ita, kuma rubutu yakan motsa idan ya sauya gida. In danna nan ya zama PDF, ya tsaya cak kamar hoto, sannan in kai. In na rikice in zo ya yi mini. Ya rubuta lambar wayarsa a 'yar takarda ya manna a ƙasan laftof ɗin. A cikin duk wannan bayani abu ɗaya na ji: yana so in dawo masa da risalar bayan ta kammala. Kafin bas ya gama tsallaka gada na ɓanɓare takardar na jefar ta taga.

Zan faɗi gaskiya a kan manhajar, ko da ba na son ta. Mako bakwai na yi ina aikin risalar da ita, ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. Filash ɗin da ya kashe ta farko na soka mata shi da gangan, ko a jikinta. Tana tashi da wuri, kuma idan an ɗauke wuta batirin yakan kai ni la'asar. Amma manhajar littattafan hadisi da kowane ɗalibi yake dogaro da ita ta ƙi buɗewa, sai na riƙa aron kwamfutar Badamagaren ina kwafo nassi. Salon harafin da tsangayarmu ta wajabta babu shi a ciki, sai wani mai kama da shi. Kullum kuma tana neman kalmar sirri wai za ta sabunta kanta. Sabunta me? Aika wa wa? Na kashe mata intanet, na liƙe idon kyamarar da salatif. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da tsohuwar, duk ɗakin kwanan kowa likita ne, kana yin tsaki mutum uku za su taso. Da wannan kuwa sai su leƙo, su ce "wannan wace iri ce kuma?", su koma kan gadonsu.

Risalar hadisi ba ta cika sai da fihirisa a ƙarshenta: jerin ayoyi, jerin hadisai, jerin maruwaita, kowanne da lambar shafin da yake. Da hannu muke yi. Na yanka kwali ƙanana, na bi shafi ɗari uku da 'yan kai ɗaya bayan ɗaya, kwana tara, har idona ya riƙa ganin lambobi a cikin kwanon waken ful. Ina alfahari da wannan fihirisa fiye da babi na uku gaba ɗaya. Malamin da ke duba aikina ya riga ya karanta babukan a takarda ya sa hannu, fihirisar ce kawai ta rage, ita kuwa ya ce ya amince da ni.

Ranar bugawa na ɗora kibiya a kan ɗan maɓallin nan, na daɗe ina kallonsa. Babu wanda na sani da ya taɓa yin haka. Kowa fayil ɗinsa yake kaiwa yadda yake, a buga masa. Na ce a raina, wannan dabarar dattijon ce, in danna abu ya rikice in koma masa. Na kwafe fayil ɗin a filash na tafi shagon da ke kusa da jami'a. Mai shagon ya buɗe, ya ga harafin ba na tsangaya ba ne, ya ce "ma fi mushkila", wato babu matsala, ya canza shi da dannawa biyu. Har godiya na yi masa. Na duba bango, na duba ayoyi ko wasali ya faɗi, na duba sunan malamina. Aka buga kwafi biyar, aka yi musu baƙin bango da rubutun ruwan zinare.

Ranar munaƙasha, wato ranar kare risala, zauren ya cika da 'yan Najeriya da 'yan Nijar, an jera lemo da alewa a baya ana jiran sakamako. Mai jarrabawa na waje wani siririn tsoho ne, kuma kamar yawancin malaman hadisi, daga baya ya fara buɗe littafin. Ya sa yatsa a kan wani hadisi a fihirisa.

"Shafi na ɗari da goma sha biyu."

Ya buɗe. Ni ma na buɗe. Babu shi. Na juya, na juya, sai a ɗari da goma sha biyar na same shi. Ya zaɓi wani, ya kauce da shafi bakwai. Ya zaɓi sunan wani maruwaici can wajen ƙarshe, ya kauce da goma sha ɗaya. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya rufe littafin ya ce da Larabci mai sanyi: abin da ake nema wurin ɗalibin hadisi shi ne kiyayewa, wanda bai kiyaye lambar shafinsa ba, ta yaya za a amince masa da maruwaita?

Na amsa sauran tambayoyin da kyau, kowa ya shaida. Suka fita suka dawo, aka miƙe tsaye, aka karanta: jayyid jiddan. Daraja ta biyu. Mutane suka yi kabbara suna rungume ni, aka buɗe lemo. Ni kuwa ina tunanin yadda zan faɗa wa matata.

Washegari da safe na tsallaka Omdurman, raina a ɓace, na shirya maganganu tun daga tasha. Na ajiye masa laftof da bugaggen kwafi a kan tebur na ce ga abin da kyautarsa ta jawo mini. Ya kunna injin, ya buɗe risalar, ya ce in faɗi lamba. Na ce ɗari da goma sha biyu. Ga hadisin nan zaune a tsakiyar shafi. Na faɗi wata, daidai. Na faɗi ta maruwaicin nan, daidai. Aikina na kwana tara babu kuskure ko ɗaya a ciki. Sai ya kai kibiya kan ɗan maɓallin ya danna. Kafin in haɗiye yawu an gama.

Na zauna a kan kujerar da na sha shayi a kanta, na tambaye shi, kamar mai neman fatawa, to laifin wane ne?

"Injin bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Mai shagon ma bai yi ba, abin da ya saba ya yi. Ni ne na sa maka abin da babu wanda ya san shi kusa da kai sai ni, alhali na ga ba ka yarda da ni ba. Da na mayar maka da irin ta kowa, da bairos ɗinta da komai. Ma'alesh, ka yi haƙuri, ya ustaz."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, na rasa abin yi, sai na soka filash ɗina a injinsa na ce ya ajiye kwafi ɗaya a wurinsa, amana, kamar yadda ya so yi da farko. Ya zare filash ɗin ya sa mini a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai.

"A'a. Riƙe kayanka."

Na gyara bugun na miƙa wa ɗakin karatu, amma daraja ba ta gyaruwa. Bayan wata ɗaya na dawo gida, kuma har yau ban yi digiri na ukun ba. Ina koyarwa a wata kwaleji. Abokan aiki sukan tambaye ni ko su sa buɗaɗɗiyar manhajar nan, tunda sun ga ita ce a tsohuwar laftof ɗina, wadda har yanzu take tashi. Ba na ce musu e, ba na ce musu a'a, domin ni kaina har gobe ban san su waye suka rubuta ta ba, kuma salatif ɗin yana nan a kan kyamara. Nakan tambaye su ne kawai: akwai wanda ya san ta a kusa da kai? In ya faɗa maka abu, za ka ji?

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka fara nuno Omdurman a labarai, na kira Badamagaren in ji ko yana da lambar dattijon. Ya ce shi bai taɓa samun ta ba, shagon kawai ya sani, ai ni ya kamata in riƙe ta. Na kife laftof ɗin a kan cinyata. Shatin gam ɗin yana nan a ƙasa, inda takardar ta taɓa zama.