Sandar Baffa Sale

A daminar da Baba ya rasu, ina aji uku a firamaren Rawayya, Baffa Sale, yayan mahaifinmu, ya shigo gidanmu da laka har gwiwa. Ya tsaya inda Inna ke surfen gero, tana cikin takaba, ya ce gonar fadama ta koma hannunsa. Ko zama bai yi ba. Da Inna ta ɗago za ta yi magana, sai ya nuna sama da sandarsa ya ce, "Allah shi ka badawa, shi ka amshewa. Mai gardama da hukuncinai wuta za ya ci." Inna ta mayar da kai ga turmi.

Daga nan muka zama 'yan ƙwadago a gonar ubanmu. Ni da ƙanena Habu muke korar tsuntsaye daga shinkafa da gwangwani kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, mu dawo da la'asar mu yi ciyawa, yayin da tsaranmu ke langa da carafke a dandali. Da kaka Baffa ya aiko da abin da ya ga dama. In Habu ya yi kukan yunwa, a ce rashin tawakkali ne. Haka na taso ina sallah cikin tsoro, ban taɓa roƙon komai ba, don na ɗauka Ubangiji kullum yana bayan mai sanda.

Inna Dije, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ita ta fasa wannan ƙarya. Ta tarar da Inna tana kuka, ta sauke ƙwarya ta ji labari, ta ce, "Yaushe Allah ya fara noman shinkafa? Mutum ya cuce ku ya laɓe bayan sunanai. Ba shi ya hana cin kayan maraya ba?" Washegari Inna ta yafa mayafi, ta riƙe hannuna muka taka har gaban alƙali a Bungudu. Aka yi ta kai da komo, daga ƙarshe gona ta dawo. Baffa bai sake amsa gaisuwarmu ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yanzu a Tudun Wada nake, a Gusau. 'Ya'yana suna ɗaga hannu su roƙi Allah har takalmin sallah, suna dariya, ni kuwa in dube su raina ya ɓaci. Gona an mayar mana. Shekarun da na yi ina gudun Mai Rahama, babu alƙalin da ya mayar mini da su.