Tsiren Gidan Nasara

Shekarar da aka turo ni koyarwa Magarya, wandunan kaki biyu gare ni da takalmi sau-ciki ƙafa ɗaya, amma ji nake duk garin babu wanda ya kai ni Faransanci. Lokacin cinikin gyaɗa ne. Wani Nasara mai sayen gyaɗa ya aiko in je gidansa cin abincin rana ranar Lahadi, wai matarsa na son ganin sabon malamin lakwal, wato makarantar boko.

Na san mai dafa musu abinci. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, mutumin Yekuwa. Sanda aka kama ni lakwal, shi ya raka ni har Damagaram a ƙasa, in na gaji ya saɓa ni a kafaɗa. Wata biyu ina garin ban je na gaishe shi ba, kullum sai in ce gobe.

Mu huɗu ne a tebur: maigidan, madam, wani likita, sai ni. Abin da aka kawo kamar tsire ne, amma ba gashi ba ne. Tsoka ɗaya ko biyu ta naman rago a siririn tsinke, wani albasa, wani dankali, an tsoma su cikin ƙwai da garin busasshen burodi, an soya a man gyaɗa. Madam ta ce wanta ma'aikacin jirgin ruwa ne, a Japan ya ci irinsa ya koya mata. Ɗai-ɗai ake kawowa da zafinsu, kuma Kawu ne ke kawowa, cikin farar riga mai maɓalli har wuya. Da muka haɗa ido ya yi murmushi. Na mayar da idona kan faranti.

A tsakiyar tebur akwai kwano ɗaya na wani baƙin romo mai tsami. Madam ta yi bayani a kansa da sauri, ban kama ko rabi ba, na dai gyaɗa kai kamar na gane. Na tsoma tsinkena, na gatsa, na ji daɗi, na sake tsoma ragowar. Hira ta tsaya. Likitan ya janye hannunsa da ya miƙo.

Kawu ya sunkuyo kamar zai gyara mini faranti, ya ce a hankali da Hausa, "Ɗana, sau ɗaya ake tsomawa."

Na ɗaga murya da Faransanci na ce boyi ya kawo mini ruwa. Boyi na ce masa, a gaban mutane.

Kawu ya kawo mini ruwan. Ya ɗauke kwanon, ya gaya wa madam da guntun Faransancinsa cewa ƙuda ne ya faɗa ciki, zai sako wani. Ta san ba haka ba ne, kowa ya sani, amma ta kama zancen ta yi masa faɗa kan barin taga a buɗe. Yana tsaye yana cewa to, madam. Ni kuwa ina shan ruwan da ya kawo mini. An ƙara kawo tsinke wajen goma, ban san ɗanɗanon ko ɗaya ba.

Bayan sati uku mahaifiyata ta zo kasuwa ta biyo wurina. Na zaci ya gaya mata, na shirya shan faɗa. Sai ta ce Kawu ya ba ta labari wai na zauna kan kujera ɗaya da Nasaru, ina yi musu yarensu har suna saurare, shi ma ranar kansa ya yi girma.

Washegari da la'asar na je wurin Kawu, na shiga gidan Nasaran ta ƙofar baya. Na same shi yana goge kasko da toka. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ya tambayi aiki da ɗalibai. Gafara na zo nema, amma na kasa farawa. Ya ci gaba da goge kaskon, sai ya ce, "Naman dai ya soyu ko? Ban taɓa ɗanɗanawa ba, da ido nake aunawa."

Na ce ya soyu, Kawu.

Shekara biyu bayan haka ya bar aikin ya koma gona a Yekuwa, can ya rasu. Na riƙa zuwa gaishe shi duk hutu, muna hira kan damina da dabbobi, amma har ya bar duniya ban buɗe baki na ce ya yafe mini ba.