Almu Ya Riƙe Ƙafar Rago

Duk wanda aka yi wa baftisma a ƙaramar majami'ar Hausa da ke bayan ganuwar Katsina a shekarun nan, ta hannun Malam Almu kafinta ya bi. Ba fasto ba ne, bai ma taɓa leƙa makarantar fastoci ba. Sai dai su fastoci zuwa suke yi su tafi, wani a ɗauke shi tun bai gama sanin sunayen mutane ba, Almu kuwa yana nan. Ranar Asabar da la'asar yake zama da masu neman baftisma a gindin darbejiya, da garin katako a girarsa da fensir a bayan kunne, ya ce kowa ya fito da abin da ke cinsa.

Tambayoyin ba sa canjawa, fuskokin masu yi ne kawai ke canjawa. Wani ya ce, in dai Littafi ya cika da yankan tumaki da bijimai, me ya sa mu muka daina? Sai Almu ya tambaye shi ko ya taɓa ganin ana zuba rufin siminti. Ai da katako ake tokare shi, in ya bushe a cire katakon, ba don katakon ya yi laifi ba, don aikinsa ya ƙare ne. Haka jinin dabbobi yake, in ji shi, ya tokare mutane har Almasihu ya zo ya ba da nasa sau ɗaya. Wata ta ce, tunda Allah yana ko'ina, me zai hana ta yi sujadarta a ɗaki ita kaɗai? Sai ya jawo wata kujera mai karyayyiyar ƙafa da yake ajiyewa don irinta, ya ce, “Bismillah, zauna.” A yi ta dariya, kowa ya gane kujera ba ta tsayuwa in ƙafa ɗaya ta ware, amsa kuwa ta zauna a kai.

Zancen jini ba a takarda Almu ya fara saninsa ba. A wata unguwar Maguzawa aka haife shi, can ƙasar Ƙafur. Yana yaro ƙyanda ta kama ƙanwarsa, ubansu ya yi ta kai awaki gindin tsamiya yana yanka wa iskoki. Awakin gidan suka ƙare, yarinyar ba ta tashi ba. Saboda haka ranar da wani mai bishara ya zo a kan keke ya ce an riga an zubar da jinin da ya isa, ba sauran bin tsamiya da wuƙa, Almu bai tsaya jayayya ba. Daga baya ya shigo birni koyon kafinta, ya kafa rumfarsa kusa da Babbar Kasuwa, ya auri Asabe. Sun haihu da dama, ɗaya ce ta rayu, Baraka.

Baraka ta girma, ta shiga koyon ɗinki a cikin gari. Akwai wani ɗan kabu-kabu, Hussaini, mutumin ƙauye mai kunya, da ke ɗaukar ta a babur yana kai ta shago. Tun yana karɓar kuɗin haya har ya daina. Ƙarshenta Baraka ta musulunta ta aure shi, suka kama ɗaki a Ƙofar Marusa. Almu bai yi mata baki ba, bai kuma ce da ita komai ba, kuma da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙofar ɗakin ’yarsa ba. Asabe ce ke zuwa, ta dawo ta ce Baraka na gaishe shi, ya ce yana amsawa, ya ci gaba da fiƙe fensir.

Baraka na da tsohon ciki wata motar yashi ta bi ta kan Hussaini a hanya, ko shurawa bai yi ba. Danginsa kuwa tuni ’yan bindiga suka watsa ƙauyensu, kowa yana ta kansa. Ba a daɗe ba ta haifi namiji. Ana gobe suna Asabe ta dawo da yamma, ta zauna a bakin murhu ba ta hura wuta ba.

“Malam, sun ce haka nan za a raɗa mashi suna. Babu yanka.”

Almu Kirista ne, amma Bahaushe ne tun kafin nan. Ya san abin da ake nufi in aka ce wane ba a yanka masa rago ba. Magana ce da ke kwanciya shekara ashirin, sai ranar da yaro ya yi faɗa da wani a layi, ko ya je neman aure, ta tashi. A bayan rumfarsa kuma akwai rago ɗaure. Kowace shekara yakan yi kiwon ɗaya da dusa da harawa, ranar Kirsimeti a yanka, ikilisiya duka ta ci a faranti ɗaya. Kowa ya san ragon, yaran majami'a har leƙa shi suke zuwa yi.

Da sassafe ya kwance shi, ya ja shi har Ƙofar Marusa. Maza kaɗan ya tarar a kan tabarma a ƙofar gidan, da limamin unguwa, wani dattijo mai sanyin murya. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi wa juna ta'aziyya da barka a numfashi ɗaya. Da aka zo yanka sai rago ya ce bai san zancen ba. Ya watsar da samari biyu, ya tsinke igiya, don bai san hannun kowa ba sai na mai shi. Almu bai yi wani dogon tunani ba. Ya naɗe hannun riga, ya shafa wuyan ragon har ya lafa, ya kwantar da shi, ya durƙusa ya riƙe ƙafafun. Liman ya yi bisimilla ya sa wuƙa.

Sunan da aka raɗa wa yaro Almustafa, wanda duk Bakatsine ya san shi ake yankewa a ce Almu. Aka shigar da shi cikin gida. Baraka na zaune a bakin gado, ta rame, jariri a cinya.

“Baba, ka zo,” in ji ta.

“Na zo, ɗiyata.”

Iyakar abin da suka iya faɗa ke nan. Aka miƙa masa takwaransa, ya riƙe shi da hannun da bai gama bushewa daga wanke jini ba, ya yi kuka a gaban matan unguwa, bai ji kunya ba.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle rago guda ya ɓace ana saura kaɗan Kirsimeti. Dattawan ikilisiya suka kira shi. Fasto Zakari, matashi ne mai ladabi, shi ya fara, ya ce ba wanda ya hana uba taimakon ’yarsa, kyautar rago ba laifi ba ce. Sai Yari, abokin Almu tun suna samari, wanda suka haɗu suka ɗora rufin majami'ar, ya yi tambayar da aka taru dominta.

“Almu, an ce ka riƙe ƙahwa. Gaskiya ne?”

“Gaskiya ne.”

“To kai ka koya muna an cire katako. Mi ya kai ka maida shi?”

Almu ya ce shi bai kai rago don wanke zunubin kowa ba, ba ya kuma jin su ma don haka suke yankawa. Ya kai ne don kada wata rana a zagi maraya. Fasto ya gyaɗa kai, sa'an nan ya ce, “Baba, a ajinka akwai yaran da iyayensu ke kiran su gida su riƙe akuya a gindin tsamiya, kai kake ce masu kada su je. Gobe in ɗaya ya ce ai Malam ma ya riƙe, shi ma don zumunci, me za mu ce masa?”

Tambaya ce mai kyau, Almu kuma ya san tambaya mai kyau in ya ji ta. A ransa ya tabbata abin da ya yi daban ne da na gindin tsamiya, amma ya laluba bai sami misalin da zai raba su a kan yaro ɗan shekara sha biyar ba. Aka sa shi ƙarƙashin horo. Ba zai koyar ba, ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da masu baftisma ke tarayya a kai, sai ranar da ya tsaya gaban jama'a ya ce ya tuba.

Masu horo a bencin baya suke zama, kusa da ƙofa. Shi ya ƙera bencin da hannunsa, kuma shi ya ba da shawarar kada a sa masa majingina, wai don mai laifi ya ji a bayansa ya yi saurin tuba. Wanzami ba ya son jarfa. Ranar Lahadin farko da ya zauna a kai, mutane suka rasa yadda za su yi da idanunsu. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Gaishe shi suke yi da sauri, irin gaisuwar da ake yi wa mai zaman makoki, su wuce. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar jibi, in faranti ya biyo layi-layi, ya ji ƙarar ƙananan kofuna tana matsowa, ta zo benci na gaba da shi ta juya.

Da damina ta kusa, Yari ya lallashe shi. Kalma ɗaya ce, in ji shi, ka faɗa a wuce wurin. Almu ya yarda, don kewa ta ishe shi. Ranar Lahadi ya sa farar rigarsa, aka kira shi gaba. Fasto ya tambaye shi a hankali ko ya gane kuskurensa, ya kuma tuba. Asabe na cikin layin zumuntar mata, ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyale.

“’Yan'uwa,” in ji Almu, “ni mai zunubi ne, kun sani. Shekarun da na yi ban taka ɗakin ɗiyata ba, na tuba. Wanda ya yi tuntuɓe saboda ni, shi gahwarta mani. Amma ragon nan, na duba, na sake dubawa, ban same shi cikin zunubaina ba. In na ce na yi nadama don in ci gurasa, da ƙarya zan ci ta.”

Ya jira ko wani zai ce wani abu. Fasto ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Almu ya juya da kansa ya bi tsakiyar majami'a ya koma baya. Ni dai ban san wanda zan ba gaskiya ba a ranar, na san dai kowa ya fita da baƙin ciki.

Bayan girbi ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Rumfa ta rufe, sannu a hankali zuwa sujada ma ya gagara. Baraka kan zo da kunu da yaro a baya, ta share ɗaki, ta yi masa hira. Ba ta san abin da ragon ya jawo masa ba, don ya hana Asabe faɗa. ’Yan majami'a sun zo dubiya, sun yi addu'a, fasto ma ya zo. Amma an saba in tsoho ya kwanta a kawo masa jibi har gado, shi ba a kawo masa ba. Yari ya zauna a bakin katifa ya roƙe shi har da hawaye, Almu ya riƙe hannunsa, ya girgiza kai.

Wata Lahadi da azahar Asabe ta dawo daga sujada, ta saki labule, abin da ba ta saba yi da rana ba. Ta durƙusa kusa da shi tana kwance haɓar zanenta. Ɗan guntun gurasa ne, bai fi kan yatsa ba. Da faranti ya zo gabanta ta ɗauka, ta kai baki kamar ta ci, ta ɓoye. Matar da ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba, yau ta yi wa mijinta sata a ɗakin Allah.

“Ungo, Malam. Ba wanda ya gani.”

Ya daɗe yana kallon abin da ke tafin hannunta.

“Asabe, ke nan yau ke ma ba ki ci ba.”

“Ni dai ka ci.”

“Wanga abu ba a cin shi a ɓoye,” in ji shi. “Ba gurasar nike ma yunwa ba.” Ya huta, ya nemi numfashi. “Wa da wa suka zo?”

Ta share ido da bayan hannu, ta fara lissafa masa tun daga bencin gaba. Ta ce Yari ya zo, shi ya riƙe faranti.

“Sannu, Yari,” in ji Almu, idonsa a rufe.

Ta ce Babaji makaho ya zo, jikarsa ta jawo shi.

“Babaji, an zo lahiya?”

Haka ta yi ta kiran suna, yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar wasu gida da yara. Ta kai bencin ƙarshe, mutane suka ƙare. Ya buɗe ido ya ce, “Sai wa?” Asabe ta dunƙule hannunta a kan gurasar, ta koma kan Yari ta sake farawa.